Kiɗan da Ba Shi da 'Yan Amshi

Zuwa ga aminina Ɗanladi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina rubuto maka ne yau Juma'a daga ɗakina a unguwar Hindawiyya, nan Makka. Ban samu zuwa Harami ba, a masallacin unguwa na yi salla, a kan kujera. Ƙafafu sun kumbura, numfashi kuma sai na lallaɓa shi. Likita ya ce zuciya ce ta gaji. Ni da na yi ƙuruciyata ina busa saksofon, ƙahon nan na Turawa, yau shayi ma sai dai ya huce da kansa.

Ka riga ni gidan gaskiya, amma kai kaɗai za ka san nauyin wannan labari. Jikana Usama, ɗan wajen ɗana Abdullahi, haifaffen Makka, ya zama makaɗin jaz a Jidda.

Ka tuna yadda muka shiga kiɗan nan a Kaduna? Kai kalangu ka gada. Ka taso kana amshi a bayan kawunka, shi ya rera ku maimaita, shi a ba shi riga ku a ba ku tuwo. Sai Malam Jo, baƙin Ba'amurken nan mai koyarwa a kwaleji, ya zaunar da mu ya ce wannan kiɗa ba shi da 'yan amshi. A fara tare, sannan a ba kowa fili ya faɗi nasa, sauran su riƙe masa ƙasa, wato bugun da ke tafe da kiɗan. Shugaba ma ja da baya yake ya saurara. Ka yi dariya ka ce, "Wannan ai majalisa ce, ba kiɗa ba."

Shi ya gaya mana cewa jikokin bayin da aka kwashe daga ƙasashenmu ne suka ƙago shi, a ƙasar da aka hana su ƙuri'a, aka hana su shan ruwan famfo ɗaya da farare. Abin da aka hana su a gari, sai suka kafa shi a tsakaninsu da ganga da ƙaho.

Sai ranar kulob ɗin Turawan nan. An sami 'yancin kai, amma mu ta ƙofar kicin muke shiga. Rabonka ya zo, ka sako salon kalangu a kan gangunan Turawa. Manajan ya ɓata rai, ya ce hayaniyar ƙauye ce, ya nuna ni da yatsa in karɓe kiɗan. Na sauke saksofon. Baturen likitan nan da ke kaɗa mana fiyano ya ɗauke hannuwansa ya ɗora a cinya. Ba wanda ya shiga sai da ka kai aya. An sallame mu a ranar, kai kuwa ka saɓa gangarka ka nufi ƙofar gaba, muka bi ka ɗaya bayan ɗaya, ta tsakiyar teburansu. A waje ka ce, "Ba a katse wa mutum rabonsa."

A satin ka haɗa taken nan da muka sa wa suna Ƙofar Gaba. Ba a taɓa ɗaukar sa a faifai ba. Duk waɗanda suka san shi sun rasu, sai ni.

Da na zo hajji na zauna, na sayar da saksofon na sayi keken ɗinki, ban kuma yi nadama ba. Sau da yawa a sahun Harami, kafaɗata tsakanin ta Baturke da ta Ba'indiye, nakan tuna ka. Amma a unguwa al'amarin daban ne. Usama yana ƙarami ake jifan sa da "takruni", sunan da ake kiran baƙaƙen ƙasashenmu, cikin raini, har ya daina Hausa a waje. In na gaishe shi a titi da Larabci yake amsawa, yana waige-waige. Abin ya ci mini rai, Ɗanladi.

Kwanan baya ya turo hoton bidiyo, maƙwabcina ya buɗe mini a waya. Ga shi a kan fiyano, shi ne jagora, tare da ɗan Hijaz mai udu, garayar Larabawa, da Basudane mai ganga. Ya yi nasa, sai na ga ya ja da baya ya sunkuyar da kai, ya bar wa mai gangar fili. Da suka gama ya miƙe ya gaya wa jama'a cewa kakansa Bahaushe ne, kuma ya riga shi wannan kiɗa. Da Hausarsa mai gargada ya ce, "Kaka, na gode." A gaban Larabawa, Ɗanladi! Na sa aka maimaita mini har wayar ta mutu.

Na aika masa cewa akwai taken da nake so in ba shi tun ina da numfashin rerawa. Ya ce yau bayan la'asar zai zo. Na sa an share ɗaki, na sayo dabino.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe mana kurakuranmu, Ya haɗa mu inda ba a tambayar launin fata. Amin.

Naka har abada,
Mamman mai busa

Ƙarin bayani: an kira magariba, Usama bai zo ba, wayarsa ba ta shiga. Kada taken ya kwana a bushe, sai na kaɗa rabonka da cokali a kan faranti, na rera nawa iya inda numfashi ya kai. Da aka zo rabon Usama na yi shiru, na riƙe masa ƙasa da ƙafa har ya ƙare.