Safiya, Sai Yanzu Na Kalli Fim Ɗinki

Zuwa ga ƙanwata Safiya,

Gaisuwa da kewa. Na san takardar nan ba za ta iso gare ki ba, amma abin ya cika mini ciki.

Ina Guangzhou ta ƙasar Sin, na zo sarin kayan sallah. Inna tana nan lafiya, sai ciwon ƙafa. Ta hana kowa taɓa ɗakinki.

Kin tuna zuwana na bara, lokacin da kika saki fim ɗinki na matan nan biyu masu son juna? Masu sharhi a rediyo da waya suka yi miki caa. Wani ya ce hoton ya yi kyau, amma labarin guba ne. Wata ta ce babu 'yar gidan mutunci da za ta rubuta wannan. Ana cikin haka, muna cin tuwo a unguwar Sanyuanli tare da matan Kano da na Maraɗi, sai wata ta miƙo mini wayarta tana tambaya ko mai fim ɗin ƙanwata ce. Safiya, cewa na yi suna ne ya zo ɗaya. Har tsaki na taya su, alhali ko minti ɗaya ban kalla ba.

Jiya da rana na dawo daga kasuwar Shisanhang, na zauna a kan dilar kaya na kalle shi. Ina abin da suka ce sun gani? Ni dai mace na gani tana yi wa mace kitso, tana jinkirta layin ƙarshe don kada ta tashi. Na yi kuka sosai. Yanzu da ciwo ya ɗauke ki, wasu daga cikinsu sun koma rubuta cewa an yi rashin mai basira. Ina bakin nan yake kina raye? To, ina nawa yake?

Ba zan yi miki ƙarya ba, har yau zuciyata ba ta daidaita a kan labarin ba. Amma ya kamata in tambaye ki, ban tambaya ba.

Ranar ukunki wata mata ta zo gaisuwa, ta zauna bakin ƙofa, ta fi mu kuka. Duk gidan ba wanda ya yi mata ta'aziyya, har ni. Ta bar lambarta a hannuna. Idan na sauka Kano zan kira ta.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe mana baki ɗaya.

Yayarki,
Binta