Kiran da Na Katse Ranar Talata

Zuwa ga Mashkura, sanyin idona, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, ruwan randa ga wanda ya sha tafiya, matata kuma amanar da Malam ya damƙa mini. Amincin Allah ya tabbata a gare ki.

Yau kwana tara da rasuwar Malam, mahaifinki. Kina Miga, ni ina Limawa, cikin gidan da ya koma kamar rumbun da aka kwashe. Da hannu na rubuto, don na san ba za ki ɗaga wayata ba, kuma ban ga laifinki ba. Inna Larai ce za ta miƙa miki.

Ki bar ni in faɗi yadda aka yi, ba don in wanke kaina ba. A makon da kika tafi jinyar Malam, 'yan kutse suka shiga kwamfutocin kamfaninmu. Da me suka shiga? Da murya! Suka sa manhaja ta kwaikwayi muryar shugabanmu, suka kira wata ma'aikaciya, ta ba su kalmar sirri. Ni aka ɗora wa toshe ɓarakar. Kwana shida ina cin abinci ban san ɗanɗanonsa ba, ina nanata wa ma'aikata cewa duk muryar da ta zo da kuka da gaggawa daga baƙuwar lamba, tarko ce.

Ranar Talata da hantsi baƙuwar lamba ta kira ni. Muryarki ce, tana rawa, kina cewa Malam ya cika, in taho. Wayyo Mashkura! Na ji kukanki da kunnena, amma abin da ya fito daga bakina shi ne ki faɗi abin da zai tabbatar mini ke ce. Kika yi shiru. Na katse, na toshe lambar, na ci gaba da aiki. Ashe cajin wayarki ne ya ƙare, kika ari ta maƙwabciya. Kafin yayanki Fa'izu ya same ni da labarin an yi la'asar, an kai Malam makwancinsa. Mutumin da ya ba ni ke bai nemi shaidar komai a wurina ba, ban samu sallarsa ba. Da na zo ta'aziyya, daga cikin gida kika aiko cewa kin gode.

Kina tsammanin ina kuka? Da ma ina yi! Ba na jin komai, farin watana. Zuciyata ta zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ina matsa ta, ba ta amsawa. Shekara biyar ina zargin kowane saƙo, ashe zargi gara ne, yana ci ta ciki, katako yana tsaye kamar lafiya lau.

Kin tuna damina ta farko bayan bikinmu, da muka hau duwatsun bayan gari da ƙullin dabino? Kika ƙwace wayata, kika ɗaure a gefen mayafinki, kika ce yau duniya ta tsare kanta. Na yi dariya har na ƙware. Ina mutumin nan ya shiga? Ina nemansa, ban gan shi ba.

Na ɗauki hutun wata guda, abokiyar aikina Alheri ta karɓi aikin. Na je wurin likita, na faɗa masa duk abin da na faɗa miki. Ban ce ki dawo ba, kurciyata. Ba ni da bakin roƙon wannan. Ranar Juma'a zan zo Miga. Zan fara da kabarin Malam, sannan in zauna a zauren gidanku har magariba. Idan kin fito, alhamdulillahi. Idan ba ki fito ba, Juma'a mai zuwa ma ina nan, da wadda ke bin ta.

Naki ne ni, ba ni da wata sai ke, har ranar da za a ɗauke ni a kafaɗa.

Mijinki,
Abdurrahim