Guɗar da Na Yi a Jami'a

Grand Concourse, Bronx
Mayu, 2016

Zuwa ga Yaya Sumayya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Malam da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan. Mu jiki lau, hankalina ne ba a kwance ba, kuma ba maganar waya ba ce, don 'yata Nuriyya tana gida.

Kin san ta gama digirinta na biyu a adabin Turanci. Da ta ce za ta yi jawabi a gaban malamanta, sai na ɗauka wani abu ne kamar walimar sauka. Ba ta ce in gayyaci kowa ba, ni ce da rawar kaina na soya cincin, na kira Hajiya, mahaifiyar Tamimu, yaron da zai aure ta bayan babbar salla. Ta zo har da ƙannenta.

Yaya, ashe littattafan da yarinyar nan take fama da su labaran Ingila ne na zamanin Sarauniya Biktoriya, na matan aure masu cin amana. Wata ta gudu da saurayi, wata ta ɓoye mijin fari ta auri wani, wata ta zuba wa nata guba. Ni Turancina na kanti ne da jirgin ƙasa, ban kama komai ba, ana tafi na rangaɗa guɗa. Hajiya kuwa nas ce, ba kalmar da ta wuce ta. Ko cincin ɗin ba ta taɓa ba. Washegari ta aiko cewa yarinyar da ta ƙware a sanin yadda ake ha'intar miji, me za ta kai ɗakin ɗanta? Tamimu ya ce shi ba ya zarginta, amma ta bar maganar digiri na uku a wannan fanni, a zauna lafiya. Ranar Juma'a suke jiran amsa.

Na sami Nuriyya a kicin da niyyar in yi mata tatas. Ko murya ba ta ɗaga ba. Ta ce a yawancin littattafan matar sai ta mutu, ko ta haukace, ko a raba ta da 'ya'yanta, kuma abin da take bincike ke nan. Na ce mazan fa? Ta ce su aure suke sakewa. Wallahi ƙanwarmu Larai ce ta faɗo mini a rai, yadda aka kore ta a kan zancen gari kawai, har yau ba ta ga yaranta ba.

Abbansu ya ce ni na ɓata, ni zan gyara. Ina son auren nan, Yaya, kuma tsoro nake ji ƙwarai. Amma na kasa buɗe baki in ce mata ta bari.

Ki gaishe da Inna da Malam da yara, musamman Larai. Atamfar ankon da na aiko, ki ce wa tela kada ya sa mata almakashi tukuna.

Taki ƙanwa,
Hasiya