Curin Daddawarki na Ƙarshe

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda kika koya mini, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Ni ce Rakiya. Na san ba a aika wasiƙa inda kike, na kuma san mutane ne za su karanta wannan a wayoyinsu. To, su karanta. Wata bakwai ke nan ina da maganar miya a bakina, kuma duk garin Gaya ba wadda nake son yi wa ita sai ke.

Labarin Baba zan ba ki. Tun ranar da aka kai ki ya daina cin abinci. Ba ya faɗa, ba ya ƙorafi. A kawo tuwo ya yi bisimilla, ya kai loma biyu, ya ture kwano ya ce alhamdu lillahi. Mutumin da kika sani yana tuƙa jirgi cike da kifi har ƙetaren Malanbil ya dawo bai huta ba, sai ga riga ta yi masa yawa. Likita ya duba shi sama da ƙasa ya ce babu wata cuta, yunwa ce kawai, amma a shekarunsa in ƙarfi ya tafi ba ya dawowa. Shi ya sa na nemi a sauyo ni daga lakwal ɗin da nake koyarwa a Doso, na dawo gida.

Na dafa masa duk abin da na iya. Miyar kuka, miyar kuɓewa ɗanya da busasshiya, har taushe da kabewa. Yakan dube ni da tausayi, kamar ni ce marar lafiyar.

Ranar da na yi ƙarfin halin share ɗakinki, na tarar da tukunyar ƙasar nan a bayan gado, rufe da faifai. Ina ɗaga faifan warin ya buge ni. Daddawarki ce, wadda kika yi da bazara kafin ciwon ya kwantar da ke, curi talatin da shida, kowanne da sawun yatsunki a jikinsa. Inna, ko ranar jana'iza ban yi kuka irin na ranar nan ba. Na zauna a ƙasa da tsintsiya a hannu na yi ta yi har aka kira la'asar.

Washegari na je bakin kogi na sayo tarwaɗa mai rai. Na wanke ta da toka har yauƙin ya fita, yadda kike yi. Na daka citta da masoro da kimba da kanumfari kaɗan, na jajjaga albasa da tonka, wato barkono, na bar ruwan ya tafasa da su tukuna kafin kifi ya shiga. Sannan na marmasa curi ɗaya a ciki. Na tuna ranar da kika buge mini hannu don na sa ludayi a tukunyar kifi, kika ce, “Romon kifi ba a motsa shi, kama kunnuwan tukunyar ki jijjiga.” Haka na yi, ko yanka ɗaya bai farfashe ba.

Ban kira Baba ba. Daga zaure ya ji ƙamshin, sai na ji takunsa. Ya zauna a kan tabarma, ya karɓi kwano da hannu biyu, ya shanye tas, ya tsotse ƙashin kan. Na koma madafa na sa mayafi a baki don kada ya ji ni.

Tun daga ranar, abin da yake ci ke nan. Romon kifi, ko miyar kuka, ko romon ƙashi in na samu a wajen mahauta, amma lalle sai da daddawarki. Na fara raba curi biyu, na koma raba shi huɗu. Wata rana na sayo ta kasuwa na zuba, ina ganin na yi wayo. Cokali ɗaya ya kai baki ya ajiye. “Wannan ba ta gidan nan ba ce,” ya ce. Ranar nan, da ruwa kaɗai ya wuni.

Kin ga inda na shiga. Tukunya tana raguwa, ni kuwa ban iya yi ba.

Laifina ne, ba sai kowa ya faɗa mini ba. Duk bazara in kika ɗora kalwa a wuta, ni ce mai toshe hanci in gudu gidan maƙwabta da littafina. Kina dariya kina cewa, “Toshe da kyau, 'yar lakwal, anjima ke za ki fara miƙo kwano.” Kin yi ta cewa in zauna in ga yadda ake yi, ina cewa sai baɗi. Na san sunayen kogunan ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, amma abin da ake yi a tsakar gidanmu ban sani ba.

Da curi ya rage biyar na tafi Yelu wurin ƙawarki Iya Hamsatu. Ta ba ni kalwar da ta rage mata, ta ce ita ke nan sai ɗorawa ta sake nuna. Ta yi mini bayani, ni kuma ina rubutawa a kaye, littafin rubutuna, kamar mai shirin jarrabawa. A dafa wuni guda. A surfa a turmi. A wanke har ɓawon ya fita. A sake dafawa da 'yar kanwa. A juye da zafinta a ƙwarya, a rufe da ganye da buhu, a ajiye a ɗaki kwana uku.

Na yi duk wannan, hayaƙi ya ci idona, hannuna ya yi kanta. Sai dai akwai abin da Iya Hamsatu ba ta faɗa ba, don ba ta taɓa zaton akwai macen da sai an faɗa mata ba. Ni malama ce, na saba duba aikin yara. Safe da yamma sai na ɗaga buhun na leƙa in ga ko tana yi, har da sa yatsa. Zafin da ya kamata ya zauna a ciki ya nunar da ita duk na sake shi ya tafi. Rana ta uku na buɗe na tarar da kalwa tsuru-tsuru, ba laushi, ba warin kirki, ga ɗaci.

A nan ne na tuna yadda kike korarmu daga ɗakin, kina cewa, “Kada wadda ta taɓa mini ƙwaryar nan, barci take yi.” Duk shekarun nan na ɗauka dabarar korar yara ce. Da na gaya wa Iya Hamsatu a waya ta yi dariya har da tari, daga nan dariyar ta koma kuka. Na dai daka abin haka nan na cura na shanya, don ban iya zubar da shi ba.

Shekaranjiya na sa hannu a tukunya na ɗauko na ƙarshe. Romo yana tafasa, ina tsaye riƙe da shi na kasa marmasawa. Sai ga Baba a ƙofar madafa, shi da bai taɓa taka wurin ba tun ina yarinya. Ya tambaye ni saura nawa, na buɗe masa tafin hannuna. Ya ɗauka ya daɗe yana dubansa, sannan ya naɗe shi a hankici ya sa a aljihun gaba. “Sa taki,” ya ce, ya juya.

Na sa tawa. Da na ɗanɗana ni kaina sai da na yamutsa fuska. Na kai masa ina jiran ya ture. Ya sha a hankali, cokali bayan cokali, har ya ga gindin kwano. Ya goge baki ya ce, “Shekarar da na auro uwarki, tata ta fi wannan ɗaci. Na sha, kuma ban taɓa faɗa mata ba.”

Shekara arba'in yana riƙe da wannan, Inna, ga shi ni ko kwana uku ban iya riƙewa ba. Ki yi haƙuri, ki yafe mana mu biyu.

Jiya ya ci, yau ma ya ci rabin kwano da tuwon masara. Ya kamata in yi murna, kuma ina yi. Amma tun da ya sa curin nan a aljihu na san ba za a ƙara dafa miyarki ba a duniyar nan, kuma zafin wannan ya fi ƙarfina. Ashe duk watannin nan ke kike ciyar da mu, sai shekaranjiya kika sauke tukunya.

Allah ya jiƙanki, Inna. Ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya shayar da ke daga abin da ya fi duk abin da kika shayar da mu. Allah ya ba Baba ƙarfi da tsawon kwana har ya ga ranar da tawa za ta daina ɗaci. Amin.

Taki har kullum,
'Yarki Rakiya, daga Gaya.