Gidanka na Montreuil Bai Tafi Ba

Assalamu alaikum Baba, da fatan Allah ya yalwata makwancinka. Na san ba wanda zai kai maka wannan takarda, amma bakina cike yake da magana, kuma kai kaɗai nake so in faɗa wa.

Inna tana lafiya, sai gwiwar nan. Jikanka Salisu ya shiga makaranta nan Lyon. Ni ina asibitin da ka sani, ina ta aikin jinya.

Baba, me ya sa ba ka gaya mana ba? Ko sadakar arba'in ba mu yi ba wasiƙa ta iso daga wani kamfanin ba da rance. Wai ka karɓi kuɗi a kan gidanka na Montreuil, da sharaɗin ba za ka biya ba sai bayan ranka, sannan su sayar su ɗauki nasu. Ruwa ya hau kan ruwa har ya kusa cinye gidan duka. Suka ba Inna wa'adi ta kwashe kayanta. Ɗaki biyu da falo, hawa na huɗu, wanda ka yi rabin rayuwarka kana tashi da asuba zuwa ma'aikatar motoci kafin ka mallaka.

Daga baya na gano wanda ya kawo su. Malam Idi ne, mutumin da ke zuwa ranar Juma'a ya ci tuwon Inna, yana ce maka Baba. Shi ya ce maka ba bashi ba ne, gidan ne zai riƙa ciyar da kai. A lokacin idonka ya yi yana, ko lambar jirgin metro ba ka gani sai na karanta maka. Wa ya karanta maka shafukan nan? Wa ya fassara maka su da Hausa?

Ga abin da ban taɓa faɗi ba. Da aurena ya mutu, na rasa inda zan sa kaina da yaro, ka shigo jirgin ƙasa ka zo Lyon da ambulan cike da kuɗi a aljihun riga. Na karɓa, na yi godiya, ban tambaya ba. Na san kuɗin ritayarka ba su kai haka ba, ashe daga rancen nan suka fito. Na yi shiru ne don ina tsoron amsar. Kuma da wasiƙar ta zo na yi fushi da kai, har kwana uku ban iya yi maka addu'a ba. Ka yafe mini.

Amma ban durƙusa musu ba. Na ɗauki takardun duka na kai wa wata lauya. Ta ce doka ba ta yarda miji ya jinginar da gidan da iyali ke zaune ciki ba sai da yardar matarsa. Kamfanin suka ce ai Inna ta yarda, suka turo takarda da sa hannunta, da boko, layi tsaf kamar na malamar makaranta. Baba, dariya ta kama ni tare da hawaye. Inna da boko? Matar da tun a Damagaram da ajami take rubuta sunanta, haka yake a katin izinin zamanta a ƙasar, haka yake a takardar aurenku.

Wata da watanni ina zirga-zirga tsakanin Lyon da kotu a Bobigny, hutuna ya ƙare a hanya. Wasu 'yan uwa suka ce in bari, wai tonon asirin mamaci ne, wai baƙo ba ya ja da masu ƙasa. Na ce musu asirin ɓarawo nake tonawa, ba naka ba. Ranar zaman kotu, Inna ta sa lufayarta, aka miƙa mata biro, ta rubuta sunanta daga dama zuwa hagu a gaban alƙali.

An soke jinginar. Abin da ka karɓa da hannunka ni zan biya, a hankali, don kada ka kwanta da nauyin kowa. Ruwan da suka ɗora kuwa, sisi ba za su gani ba. Maganar sa hannun ƙarya tana hannun hukuma, kuma ban janye ba, ko da Malam Idi ya aiko dattawa har sau biyu su ba ni haƙuri. Na faɗi abin da ya yi a gaban dattawan, na ce duk tsohon da aka kawo wa irin wannan takarda ya kira ni, zan zo in karanta masa ita kalma kalma. Biyu sun riga sun kira.

Ka huta, Baba. Inna tana ɗakinta, makulli yana ɗaure a bakin zaninta, kuma ba mai fitar da ita sai Wanda ya kira ka.

Allah ya jiƙanka, ya haɗa mu a inda ba a korar kowa.

'Yarka mai taurin kai irin naka,
Rabi