Kek ɗin kabewar Nafisa

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ya jikinki, ya maigida, ya sanyin Jos? Mu nan Mubi lafiya lau.

Kawu ya kawo min saƙonki, wai ina tura 'yarki Nafisa makaranta da kabewar miya. Kek ne, Yaya. Kullum bayan asuba nake dafa kabewa, in kwaɓa da fulawa da ƙwai, in gasa a gwangwanayen madara. Yarana biyu-biyu suke ɗauka, Nafisa uku, don kada ta ji kewarki. Shekara biyu ke nan tana wurina, ba ki taɓa tambayata me take ci ba, sai ƙarata kika kai.

Ki gaida mutanen gida, ki sa mu a addu'a. Gobe ma uku zan sa mata.

Ƙanwarki,
Asabe