Tsofaffinka da Tsohonmu

Assalamu alaikum Yaya Nasiru,

Ya karatu, ya sanyin Ingila, ya ƙarfin jiki? Inna da yara suna lafiya.

Na ji bayan dogon yawon neman aiki ka samu na yi wa tsofaffin Turawa wanka. To, barka! Mu nan tunda ɓarin jikin Baba ya shanye, ni ke masa wanka, ni ke juya shi. Jiya ina goge masa baya ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Nasiru." Na haɗiye, na ce amin.

Digirinka zai jira ka. Baba kuwa, wallahi ban ga alama ba.

Ka sa shi a addu'a. Ka gaida tsofaffin naka.

Ƙaninka Sabo,
Maruta, Gwaram